JIRGIN AUTARMU: YADDA AKE ƘERA JIRGI MARAR MATUƘI A TSAKAR GIDA

 Na san da yawanku kun buɗe shafin nan ne da zaton za ku tarar da labarin soyayya kamar yadda muka saba, to ku yi mini afuwa, yau alƙalamina ya karkata wani wajen daban, kuma ina fatan ba za ki ajiye mujallar ba sai kin kai ƙarshe.

Babu wadda ta halarci bikin 'yan gayu a 'yan shekarun nan ba ta ga abin nan ba, wanda yake tashi saman kawunan jama'a yana ƙugi kamar taron zuma, yana ɗaukar hoton ango da amarya daga sama, yara na binsa da gudu, tsofaffi na gyara mayafi suna salati. Shi ne ake kira jirgi marar matuƙi. Matuƙin nasa yana nan tsaye a ƙasa riƙe da rimot, saƙon rediyo ne yake kai umarninsa sama. Akasarin waɗanda kike gani a wajen biki sayo su ake yi a haɗe daga ƙasar Sin. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, mutum zai iya zama a tsakar gidansu ya ƙera irin nasa da hannunsa, ya tashe shi sama ya kuma sauko da shi lafiya. A ƙasashe da dama wannan abin sha'awa ne kamar yadda wasu ke kiwon tattabaru, har ƙungiyoyi gare su da filayensu. Ni kuwa ba labari aka ba ni ba, wata bakwai na yi ina kallon ana yinsa a ƙofar ɗakinmu, kuma mai yin ba wani ƙato ba ne, autarmu ce, yarinya 'yar shekara 16 da take aji biyar a sakandare.

Ita dai Auta tun tana ƙarama Allah ya yi ta da kwance-kwance. Tocilan ɗin Umma, agogon bangon falo, rediyon Abba, babu wanda bai ɗanɗana hannunta ba. Lokacin da sa'o'inta suke wasan 'yar tsana, ita tana zaure cikin yara maza ana haɗa motar kara da ta langa-langa. Umma ta yi faɗan har ta gaji. Mutum ɗaya ne yake tsaya mata, wato Kawu ƙanen Umma, mai gyaran rediyo da talabijin, wanda kullum maganarsa ita ce, "Yaya ki ƙyale yarinyar nan, hannun da yake kwancewa shi ne yake ɗaurawa wata rana."

Ranar da ta zo ta same ni ina rubutu ta ce, "Yaya, ara mini wayarki zan duba yadda ake yin jirgi," na miƙa mata ne kawai don ta bar ni in ƙarasa babin da nake kai. Ashe na buɗe ƙofar da ba za ta rufu ba. Sati uku ta yi tana cinye mini data a YouTube, tana zane a bayan littafin lissafinta, kafin ta sanar da mutanen gida abin da ta ƙudurta.

Abu na farko da na koya a wajenta shi ne jiragen nan iri biyu ne. Akwai mai farfela huɗu, irin na wajen biki, wanda yake tashi tsaye ya kuma tsaya cak a wuri ɗaya. Shi ba shi da fiffike, farfelolin ne kaɗai suke riƙe da shi. Biyu suna juyawa dama, biyu suna juyawa hagu, domin da duk huɗun gefe guda suke juyawa da gangar jikin ta dinga katantanwa. Idan ana so ya yi gaba, sai na baya su ƙara gudu, ya sunkuyar da kai ya tafi. A cikinsa akwai wata 'yar ƙwaƙwalwar kwamfuta mai jin duk wata karkata da ya yi, tana gyara gudun injinan sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda, abin da hannun ɗan Adam ba zai iya ba. Sai kuma mai fiffike, mai kama da jirgin alhazai, inji ɗaya a hanci, fukafukai biyu da jela. Wannan shi Auta ta zaɓa, dalilinta kuwa mai ƙarfi ne: inji ɗaya ya fi huɗu araha, gangar jikin da kanta za ta yanka, sannan idan inji ya mutu a sama mai fiffike zai yi ta shawagi ya sauko a hankali kamar shirwa, shi kuwa mai farfela huɗu faɗowa zai yi tim kamar dutse.

To da me ake yin gangar jikin? A nan ne za ki sha mamaki. Kin san farin soson nan marar nauyi da ake tallafe sabon firji ko talabijin da shi a cikin kwali, wanda muke zubarwa a bola? Shi ne. Akwai kuma wanda ake sayarwa falle-falle kamar allo, masu zanen gine-gine da masu ado suna amfani da shi, ya fi sumul da daɗin yanka. Auta ta yi wa masu sayar da kayan lantarki na kasuwar Sabon Gari sintiri har suka san ta, suna tara mata. Sauran kayan kuwa tsinken tsire ne domin ƙarfafa jela, siririn katako marar nauyi da ake sakawa a cikin fiffike ya zame masa ƙashi, wayar ƙafar keke, robar ɗaure kuɗi, selotef mai faɗi, da reza. Wajen gam ne ake yin kuskure. Gam ɗin nan mai kama hannu nan take, da ire-iren masu warin fetur, cinye soson suke yi ya narke a kan idonki. Wanda ya dace shi ne gam mai kama da kyandir da ake narkawa da 'yar bindigar lantarki, ko farin gam na kafintoci idan kina da haƙurin jiran ya bushe.

Fiffikenta tsawonsa mita 1 da santimita 20 ne daga wannan baki zuwa wancan, faɗinsa santimita 20. Samansa a ɗan gantsare, ƙasansa a shafe. Na tambaye ta me ya sa, sai ta ce, "Yaya, kin taɓa fito da hannunki ta tagar mota tana gudu?" Na ce sau nawa ma. Ta ce to idan kin shimfiɗa tafin kin ɗan ɗaga gabansa, me kike ji? Na ce sai iska ta ɗaga mini hannun sama. Ta ce shi ke nan sirrin. Fiffike yana tura iska ƙasa, ita kuma iska tana tura shi sama, kuma muddin yana gudu a cikinta za ta riƙe shi. Idan gudun ya ragu ƙwarai, ko aka ɗaga hancin fiye da kima, iskar sai ta saki fiffiken, jirgi ya rikito. Sannan ba a miƙe sambal ake haɗa fukafukan ba, ana ɗan ɗaga bakin kowanne sama kaɗan, yadda idan jirgin ya karkata gefe zai dawo daidai da kansa. Kuma ba a manne fiffike da gangar jiki, da roba ake ɗaure shi a kan tsinke biyu, domin in an yi karo ya fita salin-alin maimakon ya karye. Wallahi a lokacin na riƙa kallonta ne kamar ba ita ce nake aika sayen magi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne kayan lantarkin, domin su ba a tsintarsu a bola, kuma farashinsu da dala yake tafiya. Akwai rimot da risibarsa, 'yar ƙaramar aba kamar akwatin ashana da take zama a cikin jirgin tana karɓar umarni. Na zamanin nan suna aiki ne a kan zangon 2.4, kowane rimot ana ɗaura masa aure da risibarsa, ba ta jin kiran kowa sai nasa, ko da jirage goma ne a fili ɗaya. Akwai injin da ke juya farfela, wanda bai fi girman ƙwan zabo ba amma yana iya juyi kusan sau 11,000 a minti guda idan ba a ɗora masa komai ba. Akwai na'urar da take tsakanin batir da inji tana ƙara masa wuta ko ta rage. Akwai wasu 'yan injina biyu da ake kira sarbo, kowanne nauyinsa giram 9, su ne suke jan wayar keken nan su motsa linzaman jela: ɗaya na ɗaga hanci da sunkuyar da shi, ɗaya na juyawa dama da hagu. Sai farfela mai inci 10, sai uwa uba batir.

Kuɗin waɗannan kaya su ne suka tayar da ƙura a gidanmu. Auta tana yin alawar madara da gullisuwa tana kaiwa makaranta, tana zuba adashi a wajen wata maƙwabciyarmu, kuma kowa ya ɗauka idan ta kwasa atamfa da takalmin Sallah za ta saya. Da Gwaggo, yayar Abba, ta ji inda kuɗin za su tafi, sai ta yo takakkiya tun daga cikin gari. Ta zauna a kan tabarma ta ƙi shan ruwa, ta dubi Abba ta ce, "Yanzu kai kana zaune 'ya mace za ta kwashi kuɗi ta sayi wayoyi? Sa'o'inta suna tara kwanuka ita tana tara tarkace? Wa zai kwashi mai ƙera jirgi?" Umma ta yi shiru, domin a zuciyarta rabin maganar ta yarda da ita. Auta tana bakin ƙofa kanta a sunkuye, hawaye na ɗiga a kan hijabinta.

Abba mutum ne marar yawan magana. Ya bari Gwaggo ta gama tas, sannan ya ce, "Yaya, na ji, kuma na gode." Ya juya ga Auta ya ce, "Kuɗinki ne, guminki ne. Amma ga sharaɗi. Ranar da sakamakon jarrabawarki ya sauka ko da da mataki ɗaya ne, zan tattara kayan nan in kai wa kawunki ajiya sai kin gama makaranta. Kuma ba za ki fita fili ke kaɗai ba." Ta ce, "Na yarda Abba." Ni a ganina wannan hukunci ya yi daidai, domin na san halin abin, cin lokaci gare shi kamar karatun littattafanmu, ki ce bari in duba shafi ɗaya sai ki ji kiran assalatu.

Kawu ne ya yi mata odar kayan ta hannun wani abokin cinikinsa, aka yi sati biyar ana jira. Shi ya koya mata like waya da dalma. Ya kuma nuna mata wata dabara: wayoyi uku ne suke shiga injin, idan kika ga yana juyawa baya, sauya gurbin kowaɗanne biyu daga ciki, sai ya juya daidai.

Bari in ɗan tsaya a kan batir, don a nan ne wasa yake iya zama kuka. Batirin litiyom ne, ɗan uwan na wayarki, sai dai shi ba shi da kwanson kariya, a cikin leda mai taushi yake. Ɗaki uku gare shi, kowane ɗaki bolt 3.7, jimla 11.1. Idan ya cika kowane ɗaki yana kaiwa 4.2, kuma ba a so a tsotse shi ya yi ƙasa da 3.3 ko kusa da haka, in ba haka ba ya lalace. Cajarsa daban ce, mai lura da kowane ɗaki, kada ki kuskura ki gwada masa wata. Idan aka huda shi, ko aka cika masa wuta fiye da kima, ko aka bar shi a rana irin ta bazarar Kano, kumbura yake yi, daga nan sai gobara mai wuyar kashewa. Dokar da Kawu ya kafa ita ce, a cikin tsohuwar tukunyar ƙasa ake cajinsa, a tsakar gida, nesa da katifa da labule, ga bokitin yashi a gefe, kuma mutum na zaune. Ba a jona shi a kwanta barci wai don wuta sai dare ake kawowa. Wanda ya kumbura kuwa ya gama aiki, ba a lallaɓa shi. Duk wannan hidima, tashin minti goma zuwa sha biyar yake bayarwa.

Farfela ma ba abar raini ba ce, yanka take yi kamar wuƙar mahauci. Duk gwajin da za a yi a gida sai an cire ta. Mu mata kuma muna da ƙarin abin lura da maza ba su da shi: bakin mayafi da hijabi. Auta ɗamara take yi da nata ta soke shi ta baya kafin ta jona batir. Kuma rimot ake fara kunnawa, sandar wuta tana can ƙasa, sannan a jona jirgi. Wajen kashewa jirgin ake fara cirewa.

Ranar gwajin farko wata Asabar ce da sassafe, bayan an yi girbi. Kawu ya ɗebe mu a motar abokinsa zuwa gonar wani amininsa can bayan gari, da izinin mai gonar. Da sassafe ake fita saboda iska ba ta tashi ba, kuma fuskantar iskar ake yi a jefa jirgin, ba a ba ta baya. Kawu ya riƙe shi sama da kansa, Auta ta tura wuta, ya wurga. Jirgi ya ɗaga hanci sama kamar doki ya ga wuta, ya tsaya, ya juyo, ya soki ƙasa. Duka-duka bai fi daƙiƙa biyar ba. Hancin ya dagargaje, farfela ta karye biyu, aikin wata huɗu yana warwatse a cikin kunya. Yaran ƙauyen da suka taru suka fashe da dariya. Auta ba ta ce uffan ba, ta durƙusa tana tsince gutsattsarin tana zubawa a leda, har muka iso gida ba wanda ya yi magana a motar.

Daren nan ina jinta tana juyi a kan katifa. Can wajen ƙarfe biyu ta ce, "Yaya, idonki biyu? Na gano. Batirin na sa a baya."

Ga abin da take nufi, kuma in kin manta komai a rubutun nan kada ki manta wannan. Kowane jirgi yana da wurin da nauyinsa yake daidaita, kamar sikelin mai nama. Wurin nan dole ya kasance a ƙarƙashin fiffike, tsakanin kashi ɗaya bisa huɗu zuwa ɗaya bisa uku na faɗinsa idan an auno daga gaba. A fiffike mai faɗin santimita 20, wajen santimita 5 zuwa 7 ke nan. Sai ki sa yatsu biyu a daidai nan ki ɗaga jirgin. Idan ya zauna daidai, ko hancin ya ɗan rinjaya kaɗan, lafiya lau. Idan jela ce ta rinjaya, kada ki tashe shi, domin jirgi mai nauyin hanci yana tashi da ƙyar, mai nauyin jela kuwa tashi ɗaya yake yi a rayuwarsa. Batir shi ne mafi nauyi a cikin kayan, da shi ake gyara sikelin. Ita kuwa da ta zo rufe jirgin sai ta ga ya fi zama daram a wani gurbi da ke baya, ta tura shi can.

Ta sake yanka sabon hanci. Kafin fita ta biyu ta yi sati uku tana koyon tuƙi a kwamfutar Kawu, da wata manhaja mai kwaikwayon tashin jirgi, inda za ki faɗi sau ɗari ba ki yi asarar ko sisi ba. A nan ta saba da abin da yake rikita kowane sabon shiga: idan jirgin yana tafiya gaba, damarki damarsa ce, amma da ya juyo yana fuskantarki sai komai ya juye, ki tura dama ki ga ya yi hagunki. Ta kuma koyi taɓa sandunan a hankali, kamar mai zare ƙaya.

Na ba ta labarin da ni ma na karanta don in ƙarfafa mata gwiwa. A watan Agusta na 2003 wani dattijo Ba'amurke mai suna Maynard Hill, yana da shekara 77, idonsa ya kusa tafiya gaba ɗaya, ya ƙera ƙaramin jirgi da bai wuce kilo 5 ba, aka tashe shi daga gabar Kanada ya ƙetare tekun Atlantika ya sauka a ƙasar Ayalan, tafiyar kusan kilomita 3,000 cikin awa 39 ba kaɗan. Da rimot aka tashe shi, da rimot aka saukar da shi, a tsakani na'ura ce take bin hanya. Amma wannan shi ne na biyar, huɗun da suka riga shi duk sun salwanta. Su kansu Wilbur da Orville Wright da suka fara tashi da jirgi mai inji a 1903, masu gyaran keke ne, kuma tashinsu na farko daƙiƙa 12 ne. Ta ce, "To ai ni da su bambancin daƙiƙa bakwai ne." Na ce ja'ira, ashe bakin ya dawo.

Fita ta biyu Abba da kansa ya ce zai je. Kawu ya wurga, jirgin ya ɗan nutsa kamar zai taɓa ƙasa, gabana ya faɗi, sai ya miƙe ya fara hawa a hankali, fari fat a cikin hasken safiya. Ya wuce saman wata kuka, ya karkata ya zagayo. Yaran nan da suka yi dariya suka ɓarke da ihu suna bin inuwarsa. Hannun Auta rawa yake yi, leɓenta a cije, ba ta ko ƙifta ido. Minti shida ta yi sannan ta rage wuta, ya sauko yana shawagi ya ja ciki a kan ƙasa, robar fiffike ɗaya ta tsinke, shi ke nan ɓarnar. Abba ya cire hularsa ya mayar, ya sake cirewa, sannan ya ce, "Kai! Ashe da gaske yarinyar nan take."

Yanzu sai maganar da ta fi duk waɗannan nauyi. Sararin sama yana da masu shi. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta sanar cewa tashin jirgi marar matuƙi yana buƙatar izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, don haka kafin ki fita da naki a sa babba ya bincika abin da dokar ta tanada game da irinsa. Mu a Kano filin jirgin Malam Aminu Kano a cikin gari yake, unguwanni sun kewaye shi, kuma ɗan abin nan na soso idan ya shiga injin jirgin fasinja ba ƙaramar musiba ba ce. A Disambar 2018 an rufe filin jirgin Gatwick na Ingila fiye da kwana guda saboda rahoton ganin irin waɗannan jirage, tafiyar mutum kusan 140,000 ta lalace. Ba a zuwa kusa da filin jirgi, ko bariki, ko gidan gwamnati, ko gidan yari, ba a bi ta kan taron jama'a ko wayar wuta, ba a wuce tsayin mita 120, ba a bari ya ɓace wa ido. A wuraren da ake fama da rashin tsaro kuwa, a haƙura gaba ɗaya, kada a ɗauke ki a abin da ba ke ba.

Akwai kuma wadda ba sai hukuma ta faɗa mana ba. Gidajenmu tsakar gida a buɗe take, a nan mata suke wanki da girki da kitso ba lulluɓi, wani gidan ma banɗakin ba rufi. Duk wanda ya ɗaura kyamara a jirgi ya bi ta saman unguwa, leƙe ya yi, ko da bai yi niyya ba. Wannan ya sa Umma ta ce ko da wasa kada a tashe shi a cikin gari, kuma har yau jirgin Auta ba shi da kyamara. Abin dariya, sojojin samanmu ma sun san halin abin, domin jirgi marar matuƙi da suka ƙera aka ƙaddamar a Kaduna a 2013 sunansa Gulma, wanda ya biyo baya a 2018 kuma Tsaigumi.

Gwaggo ta tambaya wa zai kwashi mai ƙera jirgi, ni kuma tambayata ita ce ina abin yake kai mutum. A nan Kano aka fara saukar jirgin sama a Najeriya, a 1925. A nan Kano ne a 2007 wani ɗalibin kimiyyar fiziks na Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota Honda da tarkacen ƙarafa, da kuɗin gyaran waya da kwamfuta, labarinsa ya zaga duniya. A 2022 kamfanin Zipline ya fara kai magunguna asibitocin karkara a jihar Kaduna da jirage marasa matuƙi masu fiffike, suna sako kayan da 'yar lema, aikin da ya faro a Ruwanda a 2016 da kai jini. Ki tuna matan da suke rasa rai wajen haihuwa saboda jini bai iso da wuri ba. A Zariya akwai kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964, inda Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja, ta yi karatu, daga baya ma ta shugabanci makarantar. A Kaduna kuma akwai cibiyar fasaha ta sojojin sama da take ɗaukar farar hula karatun injiniyan jirage. Duk waɗannan ƙofofi da lissafi da fiziks ake buɗe su, darussan da yawancinmu muke gudu tun daga aji huɗu.

Idan abin ya ba ki sha'awa amma babu kuɗin kayan lantarki, ba sai kin jira ba. Samo soson, ki yanka ƙaramin jirgi mai fiffiken santimita 40, ki manna kwabo ko ƙusa a hancinsa da selotef, ki dinga jefawa a tsakar gida kina matsar da nauyin gaba da baya har ki ga ya tafi sumul ya sauka a hankali. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku nemi malamin kimiyyarku, rimot ɗaya da caja ɗaya sun ishe ku duka.

Sakamakon zangon da ya wuce ya fito, Auta ta tashi daga ta bakwai ta koma ta huɗu, kayanta suna nan ba a kai wa Kawu ajiya ba. Yanzu tana zanen na biyu, mai linzami a fukafukai, wai tana so ta gwada ko zai ɗauki ƙullin da ya kai nauyin sabulun wanka. Gwaggo har yau ba ta sauko ba, amma ranar sunan jikarta na ji ta da kunnena tana ce wa wata baƙuwa, "Ai 'yar ƙanena ce mai jirgin." Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, inda za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.